KAFIN MU AMINCE DA HATIMI: YADDA AKE BINCIKEN NOTARI NA AMURKA

 Abin da za mu tattauna a kai ya shafi takarda da hatimi. Wani zai ce wannan ai aikin lauyoyi ne, ina ruwan ɗan makaranta? To, ga abin da ya sa muka ɗauko maganar.

Akwai wata gwauruwa a ikkilisiyarmu wadda mijinta ya rasu ya bar fili. Babban ɗansu yana zaune a Amurka, shi kuwa yana da hakki a filin. Iyali suka shirya a sayar domin a biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta. Ɗan ya rubuta takardar wakilci, ya ba kawunsa ikon sa hannu a madadinsa, ya kai wa wani mai hatimi a can ya buga, ya aiko. Takarda ta iso da kyaunta, ga hatimi raɗau. Amma da lauyan mai saye ya duba, sai ya ga kwanan watan da ke jikin hatimin ya nuna izinin mai hatimin ya ƙare wata biyu kafin ranar da ya buga. Ya ce ba zai karɓa ba. Kafin a sake wata takarda a aiko, mai saye ya kai kuɗinsa wani wuri, yaran nan kuma suka yi zango guda a gida. Ba wanda ya yi niyyar cuta a cikinsu. Kwanan wata ne kawai ba wanda ya karanta.

Yawancinmu muna da wani a ƙasar waje, ko muna fatan zuwa karatu. Takardu za su riƙa kai da kawowa. Saboda haka ya kamata mu san ko wane ne wannan mai hatimi, da abin da hatiminsa yake shaidawa, da yadda za mu tabbatar yana da izini.

Wane ne notari?

Sunan aikinsa notari. Kalmar ta samo asali daga Romawa na dā, inda ake da magatakarda masu rubuta magana da gajerun alamu. A yau notari mutum ne wanda hukuma ta naɗa domin ya zama shaida marar son kai a lokacin da ake sa hannu a muhimmiyar takarda.

Wannan bukata ba sabuwa ba ce. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da sura 32 ta littafin Irmiya, inda annabin ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel ɗan'uwansa a kan shekel 17 na azurfa. Ya rubuta takardar ciniki, ya hatimce ta, ya kira shaidu, ya ba Baruk ya adana a tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Annabi ne, da ɗan'uwansa kuma yake ciniki, duk da haka bai raina takarda da shaidu ba.

A Amurka akwai notari fiye da miliyan 4. Yawancinsu ba lauyoyi ba ne. Akwai ma'aikatan banki, da sakatarori, da masu shagon aika kaya, har da sakatarorin ikkilisiya. Manyan ayyukansu biyu ne. Na farko, mai sa hannu ya bayyana a gaban notari, ya nuna katin shaida ko fasfo, ya amsa cewa sa hannun nan nasa ne, da yardarsa kuma ya yi. Na biyu, mai sa hannu ya rantse cewa abin da ke cikin takardar gaskiya ne, ya kuma sa hannu a gaban idon notari.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Notari ba ya binciken abin da takarda ta ƙunsa. In wani ya rubuta cewa yana da gidaje goma, ya rantse, notari zai buga hatimi ko da mutumin haya yake zaune. Hatimin yana cewa ne kawai, wannan mutum ya zo, an duba shaidarsa, ya sa hannu ran kaza a wuri kaza. Alhakin ƙarya yana wuyan wanda ya rantse. Don haka in aka aiko maka wasiƙa mai hatimi cewa ka ci kyautar karatu, ka aika kuɗin rajista, hatimin bai tabbatar da akwai makarantar ba, balle kyautar.

Kowace jiha da dokarta

Amurka tana da jihohi 50, kuma ba gwamnatin tarayya ke naɗa notari ba. Kowace jiha ita ke naɗa nata, ta kafa musu doka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A yawancin jihohi ofishin Sakataren Jiha ne yake ba da takardar naɗi. Kada a haɗa shi da Sakataren Harkokin Waje na tarayya, kowanne da aikinsa. A Fulorida da Masacusets gwamna ne yake naɗawa, a Yuta da Alaska kuwa ofishin mataimakin gwamna ne.

Naɗin yana da wa'adi. A Kalifoniya, da Niyok, da Teksas, da Fulorida shekara 4 ne. A Masacusets shekara 7, a Karolina ta Kudu shekara 10. Luwiziyana ta fita daban, gama ta gaji tsarin shari'a irin na Faransa, notarinta yana riƙe da naɗinsa muddin rai, yana kuma da ikon tsara takardun shari'a da kansa. Maƙwabtanmu na Nijar za su gane wannan, domin su ma notarinsu masanin shari'a ne bisa tsarin Faransa.

Sharuɗɗan shiga ma sun bambanta. A Kalifoniya sai mutum ya yi kwas na awa 6, ya ci jarrabawa, an ɗauki zanen yatsunsa an bincika ko ya taɓa aikata laifi. A Niyok akwai jarrabawa, amma an ɗauke wa lauyoyin jihar. Jihohi da dama suna bukatar notari ya kawo lamuni daga kamfanin inshora: dala 15,000 a Kalifoniya, dala 10,000 a Teksas, dala 7,500 a Fulorida. Wannan lamuni domin jama'a aka yi shi. In notari ya jawo wa wani asara ta wurin sakaci ko ha'inci, kamfanin zai biya wanda aka cuta, sa'an nan ya bi notarin bashi. Niyok ba ta bukatar lamuni.

Har ladan aiki doka ta ƙayyade a jihohi da yawa. A shekarar 2024, a Kalifoniya ba a wuce dala 15 a kan sa hannu ɗaya, a Niyok kuwa dala 2 ne kacal a kan takarda ta hannu. In wani ya ce maka a aiko masa ɗaruruwan daloli kuɗin hatimin notari kaɗai, sai ka tambayi dalili.

Akwai abin da wata jiha ta yarda, wata ta hana. Notarin Fulorida yana iya ɗaura aure, na yawancin jihohi ba shi da wannan iko. Fulorida ɗin kuma ta hana notari ya yi wa matarsa, ko mijinta, ko iyaye, ko 'ya'ya aikin hatimi. Kalifoniya ta tilasta wa notari ya riƙe littafi yana rubuta kowane aiki da ya yi, in kuwa takardar fili ce ko ta wakilci, sai mai sa hannu ya dangwala babban yatsansa a littafin. Niyok ta fara tilasta ajiye irin wannan bayani a 2023. Game da shaida kwafen takarda, Kalifoniya ta ƙuntata ikon notari ƙwarai, ba ya shaida kwafen satifiket na makaranta kai tsaye. Takardar haihuwa kuwa, ofishin da ya ba da ita ne yake fitar da kwafe mai inganci.

Duk da wannan bambanci, akwai ƙa'idodi da kusan dukan jihohi suka haɗu a kai. Notari ba ya shaida sa hannun kansa. Ba ya aiki a kan takardar da zai ci riba daga gare ta. Ba ya buga wa wanda bai bayyana a gabansa ba. Ikonsa kuma, in ban da 'yan wurare kaɗan da doka ta keɓe, a iyakar jiharsa yake tsayawa. Notarin Teksas da ya zo hutu Jos ko Kaduna da hatiminsa a jaka, ba shi da ikon bugawa a nan.

Wannan magana ta iyakar iko ta taɓa shafar shugaban ƙasa ma. A watan Agusta 1923 Shugaba Harding ya rasu farat ɗaya. Mataimakinsa Calvin Coolidge yana hutu a gidan mahaifinsa a jihar Bamont. Mahaifin notari ne, shi ya rantsar da ɗansa da tsakar dare a hasken fitilar kananzir. Daga baya aka yi shakkar ko notarin jiha yana da ikon rantsar da shugaban tarayya, sai wani alƙali ya sake rantsar da shi a Washinton. In har an sake duba ta shugaban ƙasa, ashe duba tamu ba raini ba ne.

Sabon abu kuma shi ne aikin notari ta intanet, inda mai sa hannu yake bayyana ta bidiyo, ana ɗaukar hoton zaman ana adanawa. Jihar Bajiniya ce ta fara, dokarta ta soma aiki a 2012, yanzu kuwa jihohi fiye da 40 sun yarda da shi. Amma ba kowane notari ke da wannan izini ba, a yawancin jihohi sai ya yi rajista ta musamman. Kiran bidiyo ta WhatsApp tsakanin abokai ba shi ne wannan ba.

Yadda za mu bincika

Matambayi ba ya ɓata. In takarda mai hatimin notarin Amurka ta zo hannunmu, ga matakan da za mu bi.

1. Mu karanta hatimin. A yawancin jihohi za a ga sunan notari, da sunan jiha, da ranar da izininsa zai ƙare, sau da yawa har da lambar naɗinsa. Mu gwada ranar ƙarewar da ranar da aka sa hannu. Wannan aikin minti ɗaya ne, ɗan aji ɗaya ma zai iya. Da an yi shi, da yaran gwauruwar nan ba su zauna a gida ba. Gaskiya ne wasu jihohi suna da dokar da ke ceton takarda daga irin wannan kuskure, amma mai saye ko banki ba zai tsaya jiran hukuncin kotun wata ƙasa ba.

2. Mu nemi jawabin notari. Hatimi shi kaɗai bai isa ba. Dole a sami 'yan layuka da ke faɗin wanda ya bayyana, da ranar, da ko amsa sa hannu ya yi ko rantsuwa, sa'an nan sa hannun notari a ƙasa. Takardar da aka buga wa hatimi a gefe ba bayani, aikinta bai cika ba.

3. Mu duba wurin. A saman jawabin akan rubuta jiha da gundumar da aka yi aikin. In hatimi na Niyok ne, wurin kuwa ya ce Jojiya, akwai tambaya. Haka kuma in mun san ɗan'uwanmu yana Nijeriya a ranar da takarda ta ce ya bayyana a Amurka, ba kuma ta intanet aka yi ba.

4. Mu nemi sunan a jerin hukuma. Teksas, da Fulorida, da Niyok, da wasu jihohi da yawa suna da shafin intanet inda za a rubuta sunan notari a ga ko yana da naɗi da ranar ƙarewarsa. Kalifoniya tana fitar da jerin sunayen masu izini wanda kowa zai iya saukewa. Inda ba a sami haka ba, sai a rubuta wa ofishin da ke naɗawa. Amma a kula: kada a yi amfani da lambar waya ko adireshin da aka buga a jikin takardar da ake shakka, gama ɓarawo ba zai ba ka lambar ɗan sanda ba. Mu nemo shafin gwamnatin jihar da kanmu. Yawancin shafukan gwamnati a Amurka suna ƙarewa da .gov.

5. Mu tuna cewa samun suna a jeri bai gama magana ba. Macuci yana iya kwaikwayon hatimin notari na gaske. In abin mai nauyi ne, kamar fili ko gado, a tuntuɓi notarin ta adireshin da hukuma ta bayar, a tambaye shi ko shi ya yi aikin. A Kalifoniya doka ta ba kowa damar ya rubuta wa notari, ya faɗi sunayen masu takarda, da irin takardar, da wata da shekara, ya nemi kwafen layin da aka rubuta a littafinsa.

6. Mu nemi shaidar hukuma a kan notarin kansa. Ofishin Sakataren Jiha yana ba da takarda mai tabbatar da cewa wannan notari yana da naɗi a ranar da ya yi aikin. A Niyok sai magatakardan gunduma ya fara shaida sa hannun notarin kafin a kai ofishin jiha.

Tsakanin ƙasa da ƙasa

A 1961 wasu ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan domin a rage wahalar tantance takardu. Bisa ga wannan yarjejeniya, takardar shaida guda ɗaya da ake kira afostil ta isa. Amurka ta shiga a 1981, yau ƙasashe fiye da 120 suna ciki. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka takardar da za a yi aiki da ita a nan takan bi doguwar hanya: daga notari zuwa ofishin jiha, daga nan zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka, sa'an nan ofishin jakadancin Nijeriya a Washinton, ko ƙananan ofisoshinmu na Niyok da Atlanta. Kowane ofishi yana shaida sa hannun wanda ya gabace shi, kamar sarƙa. Ba kowace takarda ke bukatar dukan matakan nan ba, don haka hikima ita ce a fara tambayar wanda zai karɓi takardar, ko lauya ne, ko banki, ko ofishin filaye, wane mataki yake so.

In kuma mu ne za mu aika takarda can, akwai hanya biyu. Jami'an ofishin jakadancin Amurka a Abuja da Legas suna yin aikin notari a kan takardun da za a yi amfani da su a Amurka, da biyan kuɗi. Ko kuwa a je wurin notarin Nijeriya.

Notari a gida Nijeriya

Namu tsarin daban yake da na Amurka. A nan ba jiha ke naɗa notari ba. Babban Jojin Nijeriya ne yake naɗawa, kuma sai lauya. Ana rubuta sunansa a littafin rajista da ke hannun Babban Magatakardan Kotun Ƙoli a Abuja. Dokar farko ta 1936 ce, aka maye gurbinta da sabuwa a 2023, wadda ta yarda da yin aikin ta na'ura. Ashe kowane notari a Nijeriya lauya ne, amma ba kowane lauya ne notari ba. Kada kuma mu haɗa shi da kwamishinan rantsuwa da muke samu a rajistar kotu, inda yawancinmu muka je yin takardar rantsuwa ta shekarun haihuwa ko ta canjin suna. In makarantar waje ta ce notari take so, to, notari za a nema. Takardun karatu kuma sau da yawa sukan bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje kafin ofishin jakadancin ƙasar da za a je.

Wannan bambanci yana da haɗari ga 'yan'uwanmu da suka je Amurka. Mutum ya saba a gida notari lauya ne, sai ya ga allon notari a bakin shago ya shiga neman shawara a kan takardun zama. Baƙi masu jin Sifaniyanci sun sha wannan cuta ƙwarai, domin a ƙasashensu ma notari babban masanin shari'a ne, har Kalifoniya da Teksas suka hana notari fassara sunan aikinsa zuwa Sifaniyanci a talla. Notarin Amurka da ba lauya ba, doka ta hana shi ba da shawarar shari'a.

Abin da za mu riƙe

Tarihi ya nuna hatimi bai fi mai riƙe da shi gaskiya ba. Thomas Fugill, wanda akan ambata a matsayin notari na farko a yankunan da suka zama Amurka, an naɗa shi a 1639. Bayan 'yan shekaru aka kama shi ya ƙara wa kansa fili a littafin filaye. Aka tsige shi, ikkilisiya kuma ta fitar da shi. A 2010 ma asiri ya tonu cewa ma'aikatan wasu manyan bankunan Amurka suna sa hannu a dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da karantawa ba, ana buga hatimin notari ba mai rantsuwa a wurin. A 2012 bankuna biyar suka amince da sulhu na dala biliyan 25. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa iyalai da yawa sun rasa gidajensu.

Ya ku ɗalibai, musamman masu fita a bana, wasunku za su zama lauyoyi, wasu akawuna, wasu shugabannin makaranta, wasu sakatarorin ikkilisiya. Za a danƙa muku hatimi. Wata rana aboki zai zo ya ce, “Ai ka san ni, buga kawai, mai takardar yana hanya.” Wata rana kuma za a ce ku mayar da kwanan wata baya. A ranar ku tuna da doka ta tara cikin Dokoki Goma, wadda ta hana shaidar zur. Wanda ya buga hatimi a kan abin da bai gani ba, shaidar zur ya yi, ko da bai buɗe baki ba.

Ku kuma iyaye da dattawa, in takarda ta zo daga waje, kada ku ji nauyin miƙa wa yaranku su karanta muku kwanan watan da ke jikin hatimi, su nemo sunan a jerin hukuma. Don haka kuka sa su a makaranta. In kuwa maganar fili ce ko gado, a kai wa lauya tun kafin a sa ranar ciniki.

Allah ya ba mu hikima, ya sa mu zama amintattu cikin ƙaramin abu da babba. Amin.